Butar da Aka Ɗaure a Zangon Marke

A wani daji da babbar hanya ta raba biyu, akwai zango a gindin wani marke, inda raƙuma masu jigilar matafiya ke tsayawa a sha ruwa, a ci abinci, a rage ciki. Abinci kam akwai shi. Rage cikin ne aiki.

Banɗakin zangon ɗaya ne, na zana, ƙofarsa wani tsohon buhu da iska ke ɗagawa duk lokacin da ta ga dama. Warinsa kuwa, 'ya'yana, shi ke fara yi wa baƙo sannu da zuwa tun raƙumi bai durƙusa ba. Ƙudajen wurin sun yi ƙiba har ba sa tashi, sai dai su ɗan matsa maka.

Ran nan wani raƙumi mai suna Bawale ya sauke matafiyansa, cikinsu har da wata tsohuwar tunkiya, Iya Ladingo, wadda za ta sunan jikanta. Ta sha fura a zangon baya, furar kuma ba ta ranar ba ce. Tun a hanya take neman inda za ta zagaya.

"Iya, ki hanzarta," in ji Bawale. "Ina gama cin ƙayar nan zan tashi, ba na jiran kowa."

Ta waiga neman buta. Ga ta nan guda ɗaya, cike da ruwa, amma an ɗaure ta da igiya a jikin marken. Iya ta ɗauka ta nufi banɗaki, igiya ta ƙare tun ba ta kai bakin zana ba. Ta ja, ta sake ja, ina. Sai ta dawo wurin majalisar zango, da ke zaune a inuwar marken ana hira.

"Sannunku da hutawa. Ɗana, a kwance mini butar nan, yanzu zan dawo da ita."

Kura, sarkin zango, ya gyara zama. "Iya, ba a kwance ta. Kin san butocin da aka sace mana a nan? Majalisa ce ta zauna ta ɗaure ta, majalisa ce kaɗai za ta kwance. Amma kin taki sa'a, ga mu a zaune. Sarkin tsabta, me ka gani?"

Sarkin tsabta kuwa Ungulu ne. Ya yi gyaran murya ya ce, "Ranka ya daɗe, ni ban ga laifin wurin nan ba. Kullum ina shawagi a kansa, daga sama kuma fes yake. Warin da ake ta faɗa, ni ban taɓa jin sa ba. Matafiya ne matsalar, kowa ya ɓata ya hau raƙumi ya wuce. Ita ma baiwar Allahn nan, in an bincika, ba gyara ta zo yi ba."

"Ba gyara na zo yi ba kam," in ji Iya, tana matse ƙafafu. "To a ƙara igiyar mana."

Dila, mai ba sarki shawara, ya girgiza kai. "In aka ƙara igiya, buta za ta shiga bayan zana inda idon majalisa ba ya kaiwa. Wa ya san abin da zai same ta a can? Shawarata, a bar buta inda take, a matso da banɗakin kusa da ita."

"Kusa da ita ai nan muke zama," in ji Kura.

"To a matsar da marken."

Wallahi sai da aka tattauna wannan ma. Iya ta hango wani ɗan ɗaki can gefe, an shafe shi da farar ƙasa, da kwaɗo a ƙofarsa.

"Wancan fa?"

"Na manyan baƙi ne," in ji Kura. "Tun da aka gina shi ba wanda ya taɓa shiga, shi ya sa duk hanyar nan ba zangon da ya kai mu tsabta."

"To ɗayanku ya kwance, ya raka ni, ya tsaya a bakin zana ya yi gadin butarku."

Nan fa kowa ya kau da kai. Ungulu ya tuna yana da ciwon fiffike. Kura ya ce a naɗa kwamiti, aka shiga gardamar wanda zai shugabance shi.

Can Bawale ya haɗiye ƙayarsa ta ƙarshe, ya fara kiran matafiya. Iya Ladingo ta dubi banɗaki, ta dubi igiya. Ga zufa, ga tsufa, ga jika yana jira. Ta ɗauki buta, ta bi igiya har inda ta yarda ta kai ta, wato bayan marken, daidai ƙeyar majalisa. Ta yi abin da ya kawo ta, ta yi tsarki, ta dawo ta ajiye buta gaban Kura.

"Ga amanarku, ɗana. Ko ƙullin ban taɓa ba. Allah ya ƙara wa majalisa basira."

Ta hau raƙumi abinta. Sauran matafiya kuwa duk sun gani, labari kuma ya bi hanya. Raƙumi na gaba da ya tsaya, ba wanda ya ko kalli zana, layi aka ja a bayan marke.

Yanzu majalisar can nesa take zama, a cikin rana, gefen da iska ba ta bi. A zamanta na baya ta yi wa kanta barka, domin har yau ba a sace butar ba.