Rasuwar Gitar Mushe Mahamadou a Kan Ƙafa Uku

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, wanda rabinsa takaici ne, Zeinabu maman Aminatu ta unguwar Bobiel take sanar da dangi da maƙwabta rasuwar gitar maigidanta, Mushe Mahamadou malamin lakkol, wato makarantar boko. Ta cika ranar Asabar da hantsi, a tsakar gida.

Marigayiya mai haƙuri ce. Da ita aka je zance wurin Zeinabu a Kalley, da tin-tin ɗinta kuma Aminatu ke barci tun tana cikin tsumma. Shekara tara tana zaune a cinyar mai ita, ba ta taɓa cewa wurin bai yi mata ba.

Ciwon ajali ya shigo ne ta wani tsohon littafin Faransanci da Mushe ya tsinto a Babbar Kasuwa, mai zane-zanen yadda Turawan dā ke riƙe gita. Ya rantse sai ya gwada kowanne. Na farko sun rataya ta a wuya da kirtani, shi kuwa ya ɗauki majanyin goyon Aminatu, ya dawo da shi sharkaf da gumin ƙeya. Waɗansu sun jingina ta a bakin tabur, ya ture kwanon kunun yarinya, ƙudaje suka sha biki. Da aka zo kan ɗora ƙafar hagu bisa ƴar kujera, sai ya jawo fon da yarinya ke kashi a ciki, ya kife shi a kan tabarma ko leƙawa bai yi ba. Zeinabu ta wanke tabarma sau uku.

Babi na huɗu shi ne na ƙarfe mai ƙafa uku da ke riƙe gita ba ta taɓa jikin mutum ba. Ɗan'azumi maƙeri, wanda murhun gawayi kawai ya sani, ya ƙera shi, ƙafa ɗaya ta gaza. Mushe ya cusa littafin a ƙarƙashinta, ya ɗora gita a kan ƙarfen, ya tafi neman tabarau. Aminatu mai rarrafe ta je ta ja littafi. Zeinabu ta yar da muciya ta fizge ƴarta, ƙarfe da gita suka sauka daidai inda kan yarinya yake ɗazu. Maganar marigayiya ta ƙarshe ita ce gwaram, sai tsirkiya ɗaya ta yi zuuu ta yi shiru.

Ta bar tsirkiya shida, huɗu a tsinke, da jakarta, da miji da har yau bai iya haɗa ido da matarsa ba.

Za a yi jana'iza gobe bayan Azahar. Za a binne tsirkiyoyin a rami mai zurfi inda hannun yaro ba ya kai. Ƙarfe zai koma maƙera ya zama murhu, katakon marigayiya kuma zai dafa ruwan wankan Aminatu, hidimarta ta ƙarshe ke nan. Mai ta'aziyya ya zo hannu biyu, kada a kawo wata gitar da sunan rarrashi. Littafin yana da sauran babi bakwai, da shi za a hura wutar.