Rasuwar Kaset ɗin Mai Rijiya

Da zuciya mai nauyin baƙin ciki, Iliyasu ɗan Malam Haladu na Maruta yana sanar da 'yan uwa da abokan arziki rasuwar kaset ɗinsa na bidiyo, wanda aka fi sani da Mai Rijiya. Ƙanwarsa Ummussalma ce ta rubuta masa.

Iliyasu ya ɗauko marigayin a kasuwar Birnin Kudu, ba kwali, ba suna, 'yan shekaru bayan an ba mu Jigawa. Fim ɗaya ya riƙe duk rayuwarsa: labarin wani mutum da ya ƙi gayya, ya ƙi gandun ubansa, ya hau kan dutse ya ce shi kaɗai zai haƙa rijiya. Rabin fim ɗin haƙa ne. Sauran rabin kuma mutumin yana cikin rami yana yi wa sama jawabi, wai yawan hannaye ne ke kashe zuciyar namiji.

Marigayin bai taɓa zagin kowa ba, amma ya raba gida biyu. Inna Mairama ta ce ƙarya ce, wa ke kai masa tuwo ramin? Maƙwabcinmu Malam Obed mai kemis, wanda a bidiyonsa ake kallo, ya ce fim ne na masu zurfin tunani, sai dai barci ke ɗaukarsa a tsakiya. Iliyasu kuwa haddace jawabin ya yi, ya tari Baba da shi, yana neman a cire shi daga gandu a yankar masa gayauna tasa ta kansa.

"Bari mu ga ƙarshen mahaukacin naka tukuna," in ji Baba. "In ya tarar da ruwa, na yanka maka. In ƙasa ta rufta masa, ka ɗau fartanya ka bi ƙannenka."

Ƙarshen nan ne ba wanda ya taɓa gani. Kullum man janareta sai ya ƙare mutumin yana rami.

Ciwon ajali ya fara da layi-layi a fuskar talabijin, sai murya ta dushe. Ranar Talata Iliyasu ya cika janareta fal, ya zaunar da Baba a gaba. Mai haƙa ya ɗaga diga ke nan, sai aka ji ƙirrr, ƙyas. Bidiyo ya tauna kaset ɗin. Malam Obed ya miƙo hannu, Iliyasu ya ce shi kaɗai zai yi wa abinsa tiyata, da biro da jan farce. A hannunsa marigayin ya cika, hanjinsa a waje.

Marigayin ya bar kaset ɗin bikin yayarmu Hadijatu, da na wa'azi guda biyu, da rimot marar batir.

Da Baba ya ga ɗansa ya yi tagumi, sai ya dubi ɗan zaren da ya leƙo, bai fi kamu biyu ba, ya yi dariya.

"To, ba ruwa, ba rufta. Duk abin da hanjin nan ya kewaye a gona, naka ne. Ka shuka albasa ɗaya."

Malam Obed, wanda ya san tsawon zaren kaset, ya yi tari. Jiya aka fara warware marigayin don gwaji. Ya fita zaure, ya wuce masallaci, ya doshi kasuwa, bai ko rame ba. Tun jiyan nan, Baba bai nemi ƙarin tuwo ba.

Ba za a yi wa marigayin wanka ba, ruwa bai karɓe shi ba. Za a kai shi gonar gindin tsamiya ranar Asabar da hantsi, a shimfiɗa shi bisa turaku, inda zai ci gaba da korar tsuntsaye. Baba yana roƙon masu rakiya, don Allah kada a ja mamaci, miƙewa yake yi.

Iliyasu kuma yana roƙon duk mai hannu ya zo da turke, domin ya gwada shi kaɗai, iska ta naɗe mamacin a jikin ƙaya. Inna za ta dama kunu ga duk wanda ya zo. Ta ce Iliyasu dai ba zai sha ba, sai ya tsaya gaban jama'a ya faɗi sunan wannan taro da ya kira.