Ranar da na yi wa mobilet ɗin Kawu ɗori

Har in mutu ba zan manta da safiyar jarrabawarmu ta satifika, wato ta gama firamare, ba. A Maradi za a yi ta, kuma Kawu Issufu, ƙanen innata, ya ce shi zai kai ni daga Madarumfa a mobilet ɗinsa, ɗan babur mai feda. Matsalar, mobilet ɗin ta fara kasala. Ko ɗan tudu ta gani sai ta kama tari.

Ana gobe tafiya ya kwance injin a zaure, ya tafi sallar la'asar. Ni da ko gaisuwa sai a ƙasa-ƙasa nake yi, na lallaɓa na leƙa cikin silinda, wato bututun da fistan ke hawa da sauka a ciki. Sai ga ramuka biyu a bangonta! Na ce to, ga inda ƙarfin ke zurarewa. Na sha ganin Inna tana toshe bokiti mai yoyo, don haka na yagi bakin kallabina, na shafa ƙaro, na cusa da tsinke har ciki. (Har baƙin tukunya na goga a kai, don aiki ya yi kyau.)

Da dare Kawu ya haɗa injin bai lura ba. Da safe ya taka feda har gumi ya jiƙa masa riga, shiru. Ya goge buji mai ba da wuta, ya sinsina esansi, wato fetur. Masunta masu dawowa daga tabki suka tsaya, kowa da shawararsa. Rana na ta ɗagowa. Da ya sake kwance injin, sai ya zaro ƙyalle mai furen ja. Kowa ya dubi kaina.

«'Yar nan, ke kika shaƙe mini ita?»

Na ce yoyo take yi. Wani tsoho ya yi dariya har ya aje gorarsa.

Kawu bai yi faɗa ba. Yana kankare ƙaron yana gaya mini cewa ta waɗannan ramuka esansi da iska ke shiga, hayaƙi ya fita ta na gaba, fistan ne ke buɗe su yana rufewa. Faɗin silinda da nisan tafiyar fistan su ke ba da ƙarfi, amma in ba numfashi, aikin banza ne. Kasalar ma toka ce ta cushe mafitar hayaƙi.

Muka isa ana kiran sunaye, yatsuna duk baƙi. Na ci jarrabawar.

Yanzu ko ramin ɓera na gani a gidan mutane, sai na tambaya ko da shi ake numfashi.