Yadda Za Ka Ci Lambar Zinariya da Fuskar Surukinka

Kai ɗalibin zane, kana son lambar zinariyar makarantarku ta nan Petersburg, wadda ake tura mai ita karatu birnin Rum? Bi wannan hanya, ba ta taɓa ba da kunya ba. Abokina Yefim Savelyich ya gwada a kan idona.

Mataki na 1: Zaɓi talauci.
Alƙalan gasa na son hoton ƙauye: tsumma, dusar ƙanƙara, mashayi kwance a ƙofar gidan giya. Amma kada ka je ƙauyen, akwai taɓo. Mai hankali daga ɗakinsa yake tausayin talaka.

Mataki na 2: Nemo fuska.
Mashayin kirki sai da jan hanci da gemu buzu-buzu. Yefim ya karaɗe gari bai samu ba, sai ranar da ya je gaida Trofim Kuzmich, attajirin fata, uban Glafira, wadda yake nema da aure. Tsohon ya ɗago daga kwanon miyar kabeji, Yefim ya ga abin da yake nema.

Mataki na 3: Yi ladabi.
"Baba, fuska irin taku bai kamata ta shuɗe ba a zana ta ba," in ji Yefim.
"Ka ji yaro mai tarbiyya," in ji tsohon. "Glafira, ɗauko min rigata ta zuwa coci."
Bar shi ya zauna ya ƙame kamar gwamna. Kai dai ɗauki hancin da gemun. Rigar kuwa, ka mayar da ita tsumma a zanen in ka koma gida.

Mataki na 4: Ɓoye zanen.
In ya ce a nuna masa, ce masa fenti bai bushe ba. Fenti na iya kai wata shida bai bushe ba, in mai shi na da dalili.

Mataki na 5: Ranar baje koli, tsaya kusa da ƙofa.
Nan Yefim ya yi sake. Trofim Kuzmich ya iso da 'yarsa da abokan kasuwancinsa, suka tarar da hoton tsohon a bango, kwance cikin dusar ƙanƙara rungume da kwalba. Abokan suka shiga tarin ƙarya don ɓoye dariya. Tsohon ya daɗe yana kallo.
"Kwalbar ban musa ba," ya ce a hankali. "Amma ni mai sayar da fata, ka zana ni ba takalmi?"
Glafira ta zare zoben baiko ta jefa wa Yefim a aljihu. "Haɗa da lambar taka, su zama biyu."

Mataki na 6: Karɓi lambarka.
Yefim ya karɓa, ya tafi Rum shi kaɗai. Glafira ta auri mai kantin magani, mutumin da ko da'ira bai iya zanawa ba.

A kula: lamba na yi maka alkawari, ban ambaci mata ba. In surukinka mahauci ne, ni ban san ka ba.