Gayyar da Na Kai Laburare

Ba zan taɓa mantawa da Talatar nan ba, ko da zan so.

Autata Kulu tana aiki a laburaren jami'a, a ofishin da ke aro wa malamai littattafai daga wasu jami'o'i in babu su nan Sakkwato. Su uku ne. Ran nan ta dawo ko tuwo ba ta taɓa ba, ta ce za a zo a auna yawan aikinsu, in bai kai na mutum uku ba a sallami ɗaya. Ita ce sabuwa.

Na kasa zaune, na kasa tsaye. Ni dai a sanina, wuri mai albarka da tarin takalma a bakin ƙofa ake gane shi. Ban shawarci kowa ba (wa zan tambaya, ni da ake tambaya?). Na bi unguwarmu Minanata gida-gida kamar mai rabon goron biki, na tara mata goma sha ɗaya.

Ranar Talatar da masu binciken suka zo, muka tuɓe takalma a ƙofar ofishin, muka zazzauna a ƙasa. Wata mai tabarau, shugabar masu binciken, ta ɗago kai daga kwamfuta.

"Sannunku, Inna. Wane littafi za a aro muku?"

Na gyara mayafi. "Babba. Na Zariya."

"Sunansa fa?"

Na shiga laluben carbi. Sai ƙanwata Ige, wadda bakinta bai san linzami ba, ta ce, "Yaya, ba ke kin ka ce zama kawai za mu yi a ƙirga mu ba?"

Kulu ta sulale bayan kantar littattafai. Matar ta danne dariya, ta juyo mini da kwamfutar.

"Inna, ba kawuna muke ƙirgawa ba. Duk littafin da aka nema, da wanda ya nemo shi, da kwanakin da ya yi a hanya, suna nan ciki tun bara. Ga na ɗiyarki, layinta ya fi tsawo."

Na ƙura wa gilashin ido ina gyaɗa kai kamar ina karantawa (ko alif ban gane ba).

Aikin Kulu ya tsira, ba da taimakona ba. Ta yi kwana uku gaisuwa kawai ke haɗa mu, kuma har yau a ofis "ɗiyar mai gayya" ake ce mata.

Yanzu in yaro ya kawo mini kukansa, sai na fara tambaya: addu'a kake so ko jama'a? Har yau ba wanda ya ce jama'a.