Yadda Za Ki Zare Wa Akori-Kurar Maigida Ƙarfi Ba Tare Da Ya Sani Ba

'Yar'uwa, idan mijinki yana tuƙi kamar wanda aka biyo, kuma ke ce mai zama a gefe da ɗiya a cinya, to gyara zama, darasin nan naki ne. Na yi miki alkawari, in kika bi matakan nan yadda na jero su, motarsa za ta yi laushi cikin yini guda. Ba kya buƙatar sifana, ba kya buƙatar iya tuƙi. Ni da nake miki bayani ko keke ban iya ba. Sunana Farida, muna zaune a unguwar Barkin Sale a Minna. Mijina Jafaru doya yake ɗaukowa daga ƙauye a akori-kurarsa, 'yarmu kuma Rumaisa, shekararta biyu da wata uku.

1. Ki samu dalili

Nawa dalilin a goshin Rumaisa ya fito. Muna zagaya shataletalen Kpakungu mai keke napep ya shigo mana, Jafaru ya danna birki, kan yarinya ya bugi dashbod. Kafin mu isa gida ƙulu ya taso kamar ƙwan zabuwa. A asibiti aka ce ba komai. Jafaru ya sayo mata yogot, ya yi ta zagin mai keke har la'asar. Ni kuwa allurar gudu na gani kafin birkin, kuma na san inda take.

Motar mai kai ɗaya ce, kujerar gaba kawai gare ta. Ba inda zan ajiye yarinya sai cinyata.

2. Ki fara da baki, don ki samu abin faɗa daga baya

Ki ce, "Baban Rumaisa, a hankali." Zai ce, "Wannan ai tafiya ce. Ke ba ki taɓa ganin na yi gudu ba." Ki maimaita kullum har wata biyu, har ya zamana yana jinki kamar yadda yake jin ƙarar fanka.

Daga nan ki kai ƙara wurin surukarki. Tawa ta saurare ni tsaf, sannan ta ce, "Haka babansa yake, Allah ya jiƙansa." Na gyara zama, na ce a raina ga hujja ta zo. Na ce, "Hajiya, a mota ya rasu?" Ta ce a'a, ciwon suga ne, a kan gadonsa, yana da shekara tamanin da ɗaya.

3. Ki nemi ilimi a inda yake

Ilimin mota yana garejin makanike, kuma hanyar shigar mace gareji ita ce kular abinci. Ranar da Jafaru ya kai mota a canza mata baƙin mai wurin Sheshi, makanikensa, na kai masa shinkafa da wake. Ina zaune a benci sai na ji Sheshi yana gaya wa wani mai mota, "Oga, ɓera ya ci wayar bibiti naka. Shi ya sa mota ba ya ja. Ka taka har ƙasa, sai kuka kawai."

Kunnena ya miƙe. Na jira Jafaru ya tafi wanke hannu, na ce, "Malam Sheshi, mene ne bibiti?"

"Madam, inji yana numfashi kamar mutum. Akwai bawul-bawul a ciki, suna buɗewa suna rufewa. Wannan abu shi yake canza musu lokaci, in direba ya taka, inji ya sha iska sosai. In ka cire waya nasa, mota zai yi tafiya, amma kamar mai mura."

"Ba zai lalata ta ba?"

"Ba yau ba."

A rubuce VVT ne, daga baya na gani. Abin lura ga ɗaliba: a cikin duk bayanin malami ki ɗauki wanda ya yi miki daɗi kawai. Ni "kamar mai mura" na tafi da shi gida. "Ba yau ba" na bar wa Sheshi a gareji.

4. Ki zaɓi Juma'a

Ƙarfe ɗaya da rabi maigida ya tafi masallaci a ƙafa, makulli yana rataye a ƙusa, mazan layi duk sun watse. Ki goya yarinya, ki ja abin buɗe bonet da ke ƙasan sitiyari, ki tokare shi da sandarsa.

Ki tuna akwai waɗanda ba sa zuwa Juma'a. Maƙwabciyata Maman Gift tana shanya, ta leƙo ta katanga.

"Maman Rumaisa! Kin zama makanik?"

"Kyanwa ce ta shiga."

"Kyanwa ta buɗe bonet da kanta?"

Ki yi kamar yarinya ta yi kuka.

5. Ki cire wadda ba ita ba

Kowa sai ya bi ta wannan matakin, kada ki ji kunya. Cikin bonet wayoyi ne kamar taliya, kowacce da soket ɗinta. Na zaɓi wadda ta fi kama da mai muhimmanci na zare. Ashe ta hon ce.

Jafaru bai kai ƙarshen layinmu ba ya dawo da baya, hankali a tashe. Direba a Minna zai iya kai sati da birki mai ciwo, amma ba zai yi minti biyu babu hon ba. Ya gano wayar, ya mayar, ya ce ɓeraye sun fara yawa a gidan nan. Ranar sai da na taya shi ɗana tarko.

6. Ki cire ta gaskiya

Juma'a ta gaba ki zo da shiri. Na kalli bidiyon wani mutum a waya sau goma sha ɗaya. Ban ji ko kalma ɗaya ta yarensa ba, amma yatsansa na nuni yana jin Hausa. Abin yana saman inji, ta gaba, ɗan ƙarfe kamar babban yatsa da soket mai waya biyu. Ki danna ɗan harshen robar, ki ja. Zai ce ƙas. Ki tura soket ɗin ƙarƙashin sauran wayoyi, ki rufe bonet a hankali.

Za ki ce ai akwai wata fitila mai ruwan ɗorawa a dashbod da ke kunnuwa in inji ya samu matsala, wadda suke kira wutar cek. Kwantar da hankalinki. Ta Jafaru tana kunne tun ranar da ya sayi motar. Ya ce tana ɗaga masa hankali, sai ya liƙe ta da baƙin salatif. Ki leƙa ta mijinki, ina kyautata zaton shi ma ya liƙe. A garin nan duk motar da kika ga wutar cek ɗinta a kashe, ƙwan ne ya ƙone.

7. Ki yi fuskar jaje

Sakamako zai zo nan take. Washegari muka nufi Bosso, Jafaru ya taka, mota ta yi gurnani ta ci gaba da tafiyarta kamar amarya. Mai keke napep ɗauke da ɗalibai huɗu ya wuce mu, ɗaya har da ɗaga mana hannu. Na sunkuyar da kai cikin hijabi don kada a ga haƙorana.

"Wallahi man da suka zuba min ruwa ne," in ji shi.

"Allah ya isar maka, Baban Rumaisa."

Ya canza gidan mai sau uku. Ya ce doyar bana ta fi ta bara nauyi. Wani abokinsa ya ce baki ne, ya rage ajiye mota a bakin titi. Sheshi kuwa ya tafi Bida biki, kuma Jafaru ba ya yarda wani ya taɓa masa inji. Komai ya tafi daidai.

Har girman kai ya shige ni. Ranar wata Asabar da zai je ƙauyenmu ɗauko kaya, can gaba da Gwada, na yarda ya tafi da Rumaisa ta ga Innata, ƙanwarsa Karima ta riƙe ta. Tunda aka haife ta ban taɓa barin ta shiga motar nan ba ni ba. Na tsaya a ƙofa ina ɗaga musu hannu, ina jin kaina uwa mai dabara.

8. Kada ki tambayi yadda yake hawa tudu

Ni ban tambaya ba. Da idona na gani, Asabar ta gaba, da na bi shi ƙauyen ni da Rumaisa.

A hanyar dawowa akwai wani dogon gangare, a ƙasansa siririyar gada, daga gadar kuma tudu ya miƙe. Bayan mota cike da doya har sama, an ɗaure da igiya. Muna soma gangarowa na ji Jafaru ya gyara zama, ya kama sitiyari da hannu biyu, ya nutsar da ƙafa. Allura ta wuce tamanin. Ta wuce ɗari.

"Baban Rumaisa, me kake yi?"

"Riƙe ta da kyau. Tunda motar nan ta rasa ƙarfi, in ban kwaso gudu daga nan ba, ba za ta hau wancan tudun da kaya ba. Dabarar da na samo ke nan. Sati uku haka nake yi."

"Har ranar da kuka zo da Karima?"

"Har ranar. Ai tana so, dubi."

Na duba. Rumaisa tana tafi, tana cewa "Buuu!" Ta san wurin.

A da, lokacin da motar ke da lafiya, a giya ta uku yake sauka gangaren nan, don ya san inji zai hau da shi. Ni na hana shi. Duk zaman da na yi a benci, da bidiyo sau goma sha ɗaya, da ƙaryar kyanwa, abin da suka haifa ke nan: 'yata a cinyata, tan guda na doya a bayanmu, gada tana tahowa.

9. Ki faɗi gaskiya, ko da a gudun ɗari da ashirin ne

Masana sun ce a zaɓi lokacin da maigida ya ci ya ƙoshi. Ni ban samu wannan ba. Na ƙanƙame Rumaisa na ƙwala ihu, "Ni ce! Ni na cire! Ka ɗaga ƙafarka, don Allah, ni na cire mata bibiti!"

"Kika cire me?"

"Ɗaga ƙafarka!"

Ya ɗaga. Muka wuce gadar, ƙarfen gefenta ya gifta ta tagata kamar walƙiya. Mota ta hau rabin tudu da sauran gudun, ta soma tari, ta yi ƙasa-ƙasa, ta tsaya. Jafaru ya ja birkin hannu, ya sauka ya sa wa tayoyin baya duwatsu. Sannan ya buɗe bonet, ya tsaya gefe ya harɗe hannu.

"Bismillah, Injiniya. Nuna min."

10. Ki mayar da abin mutane

A takarda wannan ne mataki mafi sauƙi, tura soket ne kawai har ya ce ƙas. Na zaro shi daga inda na ɓoye, ga yarinya a kafaɗa, ga inji da zafi. Na kai shi bakin ramin, ya ƙi shiga. Na sake kaiwa, ya zame. Sau huɗu.

Jafaru ya daɗe yana kallona. Na jira faɗa, na ma shirya amsoshi. Sai ya karɓi soket ɗin ya tura da kansa.

"Don ita kika yi?"

"To don wa zan yi?"

"Na ɗauka mita ce irin taku."

"Wata biyu ina faɗa maka."

Ya karɓi Rumaisa, ya riƙe ta a ƙirji har sai da ta gaji ta fara ja masa gemu. Da ya tayar da mota, inji ya amsa da muryarsa ta da, ta haye tudun ba ko gardama. Daga nan har Barkin Sale allura ba ta wuce hamsin ba. Wata motar gawayi ta bi mu da hon tun daga Maitumbi, bai ko kalli madubi ba.

Kwana biyu gaisuwa kawai ke haɗa mu. A na uku ya sa wa bonet kwaɗo, makullin yana aljihunsa har masallaci. Sheshi ya dawo ya ji labari, ya wanke abin da ya kamata a wanke, yanzu daga nesa yake ɗaga min sifana yana cewa, "Madam, akwai aiki in kina so!" In Rumaisa tana cikin mota Jafaru ba ya wuce sittin. In ba ta ciki, wannan tsakaninsa da Allah ne, ina dai yi masa addu'a.

Sanarwa

Mai wannan rubutu ba makanike ba ce, ba ta san sunan rabin abin da ta taɓa ba. Duk wadda ta bi matakan nan, hon ɗinta ya mutu, ko motar mijinta ta sha mai kamar rijiya, ko maƙwabta suka sa mata suna, kada ta nufo Barkin Sale, ba na gida. In kuma mijinki ya rage gudu, kada ki gode min. Har yau ban san wanne ne ya yi aiki cikin matakan goma ba, kuma ba zan sake sauka gangaren nan da 'yata don in gano ba.