Ranar da Na Zama Manomin Shinkafa

Ba zan taɓa mantawa ba da ranar da na tsaya a fadamar Argungu ina yi wa malamar gona bayanin noma. Shekarar korona ce, an rufe makarantu, ni kuma malamin firamare, ina zaune a Gwadangaji ba aikin fari ba na baƙi. Sai labari ya zo cewa gwamnati za ta ba manoman shinkafa tallafi.

Gona dai ina da ita, gadon mahaifina ce. Amma Bappa Umaru, ƙanen mahaifin nawa, shi ke noma ta tun ina sakandare. Abin da na sani game da ita bai wuce buhun da yake aiko mini duk kaka ba. Duk da haka na cike takarda da sunana. Na ce wa Bappa ai don ba shi da asusun banki ne (gaskiya ne ba shi da shi, amma kuma gaskiya ne na riga na hango sabon babur). Ya ce to, Allah ya sa albarka.

Bayan mako uku aka kira ni, wai za a zo ganin gona. Na yi sammako na hau mota, na sa takunkumi har ƙarƙashin ido, na tarar da Bappa da wasu manoma suna jira a bakin fadama. Mai tantancewar wata mace ce, Madam Rahila, ba ta da yawan magana. Ta tambaya ni ne mai gonar, na ce ni ne ƙwarai. Ta ce in nuna mata inda na yafa iri.

Maimakon in bar Bappa ya shige gaba, sai na wuce kamar na san hanya. Na hango wani fangali kore shar, tsirrai sirara sun yi cunkus, na tsaya a kansa. Na shiga zuba: irin nan mai jure ambaliya ne, sati biyu ya rage a dasa, bana sai dai a nemo ƙarin buhuna. Na lura wurin ya yi tsit, na ɗauka iliminna ne ya kama su (malanta ta saba mini da haka).

Madam Rahila ta duƙa, ta tsinki ganye ɗaya, ta murje shi a yatsunta, ta miƙo mini.

"Malam, ɗan sauke takunkumin ka shinshina."

Na sauke. Warin ya doki hancina tun kafin hannunta ya iso.

Bappa ya yi gyaran murya ya ce, "Ɗana, wagga albasa ta. Kuma gonar Malam Sani ta, tamu tana can gaba."

Malam Sani kuwa yana tsaye a gefena. Ya ce shi dai ya gode, tun da aka haife shi ba a taɓa yabon albasarsa haka ba. Dariyar da aka yi har masu ban ruwa a nesa sai da suka ɗago kai. Na mayar da takunkumina da sauri, ban taɓa son abin nan kamar ranar ba.

Tsorona kada a soke gonar gaba ɗaya Bappa ya rasa saboda ni. Madam Rahila ba ta yi faɗa ba. Ta tambayi wanda ke shiga ruwan da ƙafarsa, kowa ya nuna Bappa, ta goge sunana ta rubuta nasa. Washegari ni na raka shi banki aka buɗe masa asusu. Da tallafin ya fito ya sayi taki ya gyara injin ban ruwa, shinkafa ta yi kyau, kuma bai fasa aiko mini da rabona ba.

Har yau in na je gida, Sarkin Noma suke kira na, ina amsawa. Abin da na koya shi ne, in ka ga mutane sun yi shiru kana magana, kada ka yi saurin cewa sun gamsu. Wataƙila jira suke su ga iyakarka.